Rashidi Yekini: A Koya Wa Yara Aikin Da Ya Kai Shi Cikin Raga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan marigayi Rashidi Yekini, tsohon ɗan wasan gaba na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, Allah Ya jiƙansa da rahama. Duk ranar 4 ga Mayu, ranar da ya rasu a Badun a 2012 yana da shekara 48, hoto ɗaya ne ke yawo a jaridu da wayoyin jama'a: ga shi cikin raga, ya damƙe ta da hannu biyu, yana kururuwa. Hoton ya cancanci a adana shi. Abin da ke damun mu shi ne yaran da ke buga ƙwallo yau a Kaduna, garin da aka haife shi ranar 23 ga Oktoba 1963, sun san hoton amma ba su san aikin da ya kai mutumin cikin ragar ba, kuma masu koya musu kaɗan ne.

A fara da ƙwallon ita kanta. Ranar 21 ga Yuni 1994 ne, a filin Cotton Bowl da ke Dallas a Amurka, a nan gida kuwa dare ya riga ya raba. Wasan Najeriya na farko ke nan a tarihin gasar cin kofin duniya, da Bulgeriya. A minti na 21 Daniel Amokachi ya tura wa Finidi George ƙwallo ta gefen dama, bayan 'yan bayansu. Finidi bai ɗaga ta sama ba, sai ya shimfiɗo ta ƙasa-ƙasa ta ratsa gaban gida. Yekini ya sa mata ƙafa sau ɗaya, ta shige, shi ma ya bi ta. Wanda ya kalli taɓawar kawai zai ce wannan ai banza ce ta faɗi. To a duba inda yake a lokacin da ƙwallon ta bar ƙafar Finidi: ya riga ya iso bakin gida, kuma babu ɗan bayan da ya iya tare shi. Ita kuwa Bulgeriyar da aka lallasa 3-0 a wannan dare ba kanwar lasa ba ce, domin ita ce ta fitar da Jamus mai riƙe da kofi, ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

Isowa bakin gida a kan kari, babu mai riƙe da kai, shi ne sana'ar Yekini, kuma sana'a ce da ake koya. Tana farawa daga inda ɗan wasan gaba yake tsayawa tun ƙwallo na nesa. Ba ya tsayawa a gaban ɗan baya inda za a gan shi a gan ƙwallo lokaci guda. Yana maƙalewa ne a kafaɗar ɗan baya na ƙarshe, ta ɓangaren da ya ba ƙwallo baya. A nan ɗan baya na cikin tsaka mai wuya: in ya kalli ƙwallo, mutum ya ɓace masa, in ya waiwaya neman mutum, ƙwallo ta wuce. Tun 1990 aka gyara dokar satar gida, aka ce wanda ke daidai da ɗan baya na ƙarshe bai yi laifi ba, kuma wannan gyara ya yi wa masu salon Yekini rana, domin ba sai sun bar tazarar taku ɗaya ba.

Sai lokacin tashi, kuma a nan yawancin yara ke faɗuwa. Alamar tashi ba ihun 'yan kallo ba ce, ba kuma ɗaga hannu ba. Ana kallon mai ƙwallo ne: ya tsayar da ita, ya fuskanto gaba, ya ɗaga kai. Da zarar ya sunkuyar da kai zai buga, lokacin ya yi. Wanda ya tashi kafin haka, tuta za ta tashi. Wanda ya jira sai ya ga ƙwallo a hanya, ɗan baya ya riga ya juya. Mai gudun mita takwas a daƙiƙa ɗaya yana cin mita huɗu a rabin daƙiƙa, don haka rabin daƙiƙar nan ita ce tsakanin ci da satar gida. Dabarar ita ce kada a tashi daga tsaye. Ana fara gudu a kwance, a bi layin 'yan baya taku uku ko huɗu, jiki ya ɗauki zafi, sannan a lanƙwasa a faɗa ciki daidai fitar ƙwallo. Ɗan baya yana farawa daga tsaye, kuma sai ya juya tukuna, kai kuwa ka riga ka yi nisa.

Yekini dogo ne ƙaƙƙarfa, mai faɗin taku, kuma in ya shiga gaban mutum an gama. Taɓawar farko ita ke kulle ƙofa. Ba a tsayar da ƙwallo a ƙarƙashin ƙafa, ana tura ta gaba ne mita biyu zuwa uku, a ɗan karkata ta ta ratsa hanyar wanda ke biye da kai. Daga nan zaɓi biyu ya rage masa, ko ya taka birki ko ya taka ka, in kuwa ya taka ka a cikin yadi na 18 fenareti ne. Yaro da yawa yana tura ta waje, nesa da ɗan baya, don tsoron a ƙwace. Da haka yake matse wa kansa kusurwa, ya ba gola sauƙin rufe turken kusa.

Bugunsa kuwa, waɗanda suka tsaya masa a gida sun san nauyinsa. Amma ƙarfin ba daga tsoka kaɗai yake ba. Ƙafar dogaro tana sauka ne a gefen ƙwallo, tazarar kamar tafin hannu ɗaya, yatsunta na kallon inda ake nufi. Gwiwar ƙafar bugu tana saman ƙwallo, ƙirji a rusune, idon sawu a ƙame, yatsu na kallon ƙasa, a bugi tsakiyar ƙwallo da wajen igiyar takalmi. In ƙafar dogaro ta sauka a bayan ƙwallo, jiki zai kwanta baya, ƙwallo ta tashi sama ta tafi wajen 'yan kallo. In idon sawu ya yi sako-sako, ƙarfin ya zube a ƙafa, gola ya kama ta kamar an miƙa masa. Faɗin gida mita 7.32 ne, tsayinsa mita 2.44. In an shigo daga gefe, wurin da ya fi riba shi ne ƙasa, turken nesa: gola ya fi daɗewa kafin ya kai ƙasa, kuma ko ya ture ta, gaban abokin wasanka za ta faɗo. Wanda ya nemi saman turken kusa ya kuskure, bugun gida kawai ya samar wa abokan hamayya.

Ga abin da wannan aiki ya haifar. Ƙwallo 37 ya ci wa Najeriya, kuma an shafe sama da shekara 25 bayan wasansa na ƙarshe babu wanda ya kamo shi. A gasar cin kofin nahiyar Afirka ya ci 13: ɗaya a Maroko a 1988, uku a Aljeriya a 1990, huɗu a Senegal a 1992, biyar a Tunisiya a 1994. A lura da irin ƙwallayen. A 1990, bayan Aljeriya ta yi mana 5-1 a wasan farko, Najeriya ta ci Masar 1-0, ta ci Kwaddibuwa 1-0, duka biyun shi ne. A 1992 shi ya fitar da Zayar da 1-0. A 1994 ya ci Gabon biyu, ya ci Zayar biyu, ya farke wa Najeriya a wasan da aka tashi 2-2 da Kwaddibuwa, sannan ya buga fenaretin da ya kai mu wasan ƙarshe, inda Emmanuel Amunike ya ci Zambiya biyu. Ba tarin ƙwallaye ba ne a wasan da aka riga aka gama, ƙwallayen raba gardama ne. A Fotugal ya ci 34 a kakar da ya hau da Vitoria Setubal daga rukuni na biyu, a kaka ta gaba ya ci 21 a babbar gasa ya fi kowa, alhali ƙungiyarsa ba Benfica ba ce, ba Porto ba, ba Sporting ba. A 1993 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta ba shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu.

Akwai wani abin takaici da ba a cika faɗa ba. A wancan lokaci Laurent Pokou na Kwaddibuwa ne ke riƙe da tarihin yawan ƙwallaye a gasar Afirka, da 14. Ɗaya tak ta rage wa Yekini ya kamo shi. Sai gwamnatin Janar Abacha ta janye Najeriya daga gasar 1996 a Afirka ta Kudu, CAF kuma ta hana mu shiga ta 1998. Gasa biyu suka wuce shi ba da laifinsa ba, tarihin ya zauna har Samuel Eto'o ya karya shi a 2008.

Wannan salo yana da sharaɗi, kuma gaskiya ce da ya kamata masu horarwa su riƙe. Ɗan gaba irin Yekini da masu ba shi yake rayuwa. An daɗe ana cewa bayan ƙwallon Bulgeriya abokan wasansa sun daina ba shi, kuma ba za mu shiga zuciyar kowa ba. Abin da ke a fili shi ne wasan Italiya na ranar 5 ga Yuli 1994 a gasar kofin duniya: Amokachi ya fita da rauni tun kafin hutun rabin lokaci, Amunike ya bi shi bayan an dawo, aka sa 'yan tsakiya a gurbinsu, ƙungiya ta ja baya tana gadin 1-0. Daga nan Yekini ya zama shi kaɗai a gaba, tazara mai nisa tsakaninsa da mai ƙwallo, ga Paolo Maldini da Alessandro Costacurta a kansa. Babu mai janye masa ɗan baya ɗaya, babu mai shimfiɗo ta daga gefe. Roberto Baggio ya farke a minti na 88, ya ƙara da fenareti a ƙarin lokaci. In ka ajiye irin wannan ɗan wasa, dole ka ajiye masa mutum biyu aƙalla: mai gudu a gefe da mai zura ƙwallo tsakanin 'yan baya. Kuma shi ma ya iya bayarwa. Shi ya tura wa Samson Siasia wadda ya ci Ajantina a 1994, kuma a kofin duniya na 1998, yana da shekara 34, ya taso daga benci ya saki Garba Lawal ta hagu a ƙwallon da ta dawo da mu 2-2 da Sifaniya kafin Sunday Oliseh ya rufe wasan.

Yanzu mu dawo gida. Yekini, wanda asalin iyayensa Ira ne a jihar Kwara, a ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara. Daga nan sai Shooting Stars ta Badun, wadda ya je wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka da ita a 1984 suka sha kashi a hannun Zamalek, sai Abiola Babes ta Abekuta, sai Africa Sports ta Abijan. Bai taka Turai ba sai 1990, yana dab da shekara 27, bayan kusan shekara tara yana gogayya da manya a nahiyar nan. Ya tafi a dafe, ba ɗanye ba. Yau ana so a fitar da yaro tun bai buga cikakkiyar kaka ɗaya ba, wani lokaci har a taɓa masa shekaru, alhali dokar FIFA ta hana cinikin yaro ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa sai da wasu 'yan sharuɗɗa. Ƙungiyar kamfani tana ba yaro abin da makarantun ƙwallon unguwa ba sa iya bayarwa: albashi a ƙarshen wata, fili tabbatacce, atisaye a kan lokaci, da wasa na gaske duk mako da mutanen da suka girme shi. Kaduna ɗin da ta fitar da Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro tana da irin waɗannan matakala, har Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988. Da masaƙun unguwar Kakuri a Kaduna suka durƙushe, UNTL ma ta rufe a 2007, ba ayyukan yi kaɗai aka rasa ba.

Ba sai an jira masaƙa ta farfaɗo ba kafin a gyara koyarwa. Abin da ake gani a filayen unguwa shi ne a tara yara 30 a kan ƙwallo ɗaya, a zagaya fili sau goma, a raba su gida biyu a yi ta bugu har magariba. A irin wannan, ɗan gaba zai iya tashi bai buga wa gida sau uku ba. Ga abin da ya fi. Sau uku a mako a ware minti 25 na aikin gaban gida kaɗai, yara shida zuwa takwas a gida ɗaya, da ƙwallo shida aƙalla don kada layi ya tsaya. Minti goma na farko, bugu daga bakin yadi na 18, wato mita 16.5, ƙwallo na tafiya ba a ajiye ba, goma da dama goma da hagu, a sa alama taku ɗaya daga cikin kowane turke, wadda ta bi ta nan ƙasa-ƙasa ita ce mai maki biyu. Minti goma na biyu, mutum uku: mai bayarwa, ɗan baya, ɗan gaba, koci kuma ya tsaya a gefe daidai layin ɗan baya yana duba satar gida da gaske. In ba a tsayar da mai duba layi ba, yaro zai saba da tashi da wuri, ranar gasa tuta ta yi ta cin sa. Minti biyar na ƙarshe, ƙwallon Finidi: a shimfiɗo daga gefe, ɗaya ya nufi turken kusa, ɗaya ya jinkirta ya nufi na nesa, taɓawa ɗaya tak, da cikin ƙafa. Wanda ya ɗaga ƙafa zai yi bugun ƙarfi a tazarar mita biyar, a tsayar da shi a gyara masa nan take.

Abu biyu ke ɓata wannan aiki. Na farko ƙwallon da ba ta dace ba. Yaro ƙasa da shekara 12 lamba 4 ya kamata ya buga. Lamba 5 nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, in aka ba ƙaramin yaro, musamman wadda aka cika wa iska ta yi tauri, zai koma bugu da tsinin yatsa ko ya riƙa kwantawa baya don ya ɗaga ta, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar cirewa. Na biyu gajiya. A yi aikin gaban gida a farkon atisaye bayan an ɗumama jiki, ba bayan an gama zagayen fili ba, domin ƙafar da ta gaji kuskure take haddacewa. A riƙa rubuta sakamako a littafi: bugu nawa, nawa suka nufi gida, nawa suka shiga. Bayan wata uku littafin zai nuna wanda ke ci gaba, ba sai an yi musu ba.

Ya Edita, ba za mu rufe ba tare da maganar ƙarshen rayuwarsa ba, ko da yake tana da ɗaci. Bayan Girka da Sifaniya da Suwizalan da Tunisiya da Saudiyya, ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, har a 2005 yana da shekara 41 ya sa rigar Gateway ta Abekuta. Shekarunsa na ƙarshe a Badun a keɓe ya yi su, kuma jaridu sun yi ta ruwaito cewa yana fama da rashin lafiya mai nasaba da damuwa. An binne shi a Ira. Gidajen da gwamnati ta yi wa 'yan wasan 1994 alkawari kuwa, sai a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba da su, shekara 27 bayan sun ci kofin nahiyar Afirka. Kafin nan Uche Okafor ya rasu, Yekini ya rasu, Thompson Oliha da Wilfred Agbonavbare da kyaftin ɗinsu Stephen Keshi duk sun rasu.

Ɗan ƙwallo yakan ajiye takalmi yana tsakanin shekara 33 da 38. A rana ɗaya yake rasa albashi da abokan zama da tsarin yini da tafin jama'a, ga gwiwa da ƙugu sun riga sun ci duka. Abin da muke nema daga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da hukumomin jihohi ba mai wuya ba ne. A buɗe rajistar duk wanda ya taɓa buga wa ƙasa ko babbar gasar cikin gida, da inda yake zaune da lambar wani makusancinsa. A sa su cikin inshorar lafiya, a duba su sau ɗaya a shekara: hawan jini, suga, zuciya, gaɓoɓi, da zama da likitan ƙwaƙwalwa. A yanki wani kaso ƙayyadadde daga kuɗin sayar da 'yan wasa a zuba a asusun da za a riƙa buga lissafinsa a jarida. 'Yan uwa da maƙwabta kuma su san alamu: mutum ya daina fita, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, ya bar cin abinci, ya yanke hulɗa da waɗanda ya saba da su, har abin ya wuce mako biyu. Wannan ciwo ne mai magani, kuma asibiti ake kai shi da lallashi da mutunci, ba ɗauri ba, ba ɓoyewa ba. A Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa.

Ga gwamnatin jihar Kaduna kuwa, roƙonmu shi ne a kafa gasar 'yan ƙasa da shekara 15 da sunansa, tsakanin unguwanni da ƙananan hukumomi, a riƙa buga wasan ƙarshe a filin wasa na Ahmadu Bello duk ranar 23 ga Oktoba. A tantance shekaru da takardar haihuwa da rajistar makaranta tun kafin a fara, ba bayan an kai ƙorafi ba. Kyautar wanda ya fi cin ƙwallo ta zama kuɗin makaranta da takalmi, kada a danƙa wa yaro tsabar kuɗi. Kowace ƙungiyar da ta shiga a ba ta ƙwallo goma, a kuma ɗaura raga biyu a filin da take atisaye. Filayen unguwa da yawa turaku ne tsirara, wasu ma duwatsu ne aka ajiye. Inda babu raga, rabin lokacin atisaye a ɗauko ƙwallo yake tafiya, ana ta gardamar ta shiga ko ba ta shiga ba, yaro kuma ba ya ganin ainihin inda bugunsa ya sauka balle ya gyara.

Allah Ya gafarta wa Rashidi Yekini, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri.

Wassalam.

Daga wasu masu horar da yara ƙwallon ƙafa,
Kaduna.